Sarƙa ko waya: abin da ke riƙe tarko a dazuzzukan Amurka da Kanada

Daga watan Oktoba zuwa ƙarshen hunturu, dubban mutane a ƙasashen Amurka da Kanada kan bazu cikin dazuzzuka da gefen gonaki suna ɗana wa namun daji tarko. Wasu don sayar da fatu suke yi, wasu don kare tumakin makiyaya, wasu kuwa masana ne da ke son kama dabba da ranta, su maƙala mata na'urar bin sawu, sannan su sake ta. Dukkansu akwai tambaya guda da tilas su amsa kafin su bar wurin: da me za a ɗaure tarkon, da sarƙa ko da igiyar waya?

Ga wanda ba ya cikin sana'ar, tambayar ba ta taka kara ta karya ba, domin tsawon abin da ake magana a kai bai cika wuce kamu ɗaya ko biyu ba. To amma wannan ɗan tsakanin da ke tsakanin tarko da turke shi ke yanke hukunci ko dabbar za ta wayi gari da ƙafarta lafiya, ko a karye, ko kuma ta tsere da tarkon a ƙafa ta je ta mutu a inda babu mai ganinta. Tun daga shekarun 1990 kuma batun ya fita daga hirar mafarauta, ya shiga dokokin jihohi da yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashe.

Yadda tarkon yake

Tarkon da aka fi muhawara a kansa shi ne mai kama ƙafa. Muƙamuƙai biyu ne na ƙarfe da sifirin ke rufewa da zarar dabba ta taka wani ɗan faifai da ke tsakiya. Ana tona ɗan rami a ajiye shi, a rufe da ƙasa mai laushi, a sa wani abu mai wari a kusa don jan hankalin dabbar. A jikin tarkon akwai zobe, daga zoben nan ne maɗauri ke tafiya zuwa ga turke.

Siffar ba sabuwa ba ce. Wani maƙeri mai suna Sewell Newhouse ya fara ƙera irinsa a jihar New York a shekarun 1820, daga baya kuma al'ummar Oneida da ya shiga cikinta ta mayar da ƙirar babbar sana'a, har sunansa ya zama tambarin tarkon da aka sani a duk faɗin nahiyar. Tarkunan wancan zamani da sarƙa suke zuwa, mai babban zobe a ƙarshe wanda ake zura wa turke ko gungumen itace.

Dabbar da ta fi jawo maganar maɗauri a yau ita ce koyot, wata dangin dila wadda ta fi dila girma amma ba ta kai kyarkeci ba. Nauyinta yawanci tsakanin kilo 9 ne da 20. Makiyayan tumaki a yammacin Amurka sun daɗe suna kuka da ita, kuma wani sashe na ma'aikatar noma ta ƙasar kan kashe dubun-dubatarta a kowace shekara ta hanyoyi dabam-dabam, ciki har da tarko. Gashinta ne kamfanin Canada Goose ya riƙa sa wa a bakin hular rigunansa na sanyi, kafin ya ba da sanarwa a shekara ta 2021 cewa zai daina amfani da gashin dabbobi. Koyot ba ta kwanciya ta jira in an kama ta. Takan yi tsalle, ta fizga, ta yi birgima, ta ciji duk abin da bakinta ya kai gare shi, musamman a sa'o'in farko.

Ba ƙarfi ne matsalar ba

Igiyar wayar da ake magana irin ta birkin babur ce ko ta kulocinsa, sai dai ta ɗan fi kauri. Nau'in da aka fi sani ana kiransa 7x7, wato tufka bakwai, kowace tufka kuma da silin waya bakwai, jimilla 49 ke nan. Akwai kuma 7x19 mai sili 133, wadda ta fi laushi. Mai kaurin milimita 2.4 ta nau'in farko, idan sabuwa ce, takan ɗauki nauyin kilo 400 da 'yan kai kafin ta tsinke. Mai kaurin milimita 3.2 ta nau'i na biyu kuwa takan kai kilo 900. Sarƙar da aka yi wa walda mai kyau ita ma ɗaruruwan kilo take ɗauka.

Ke nan da wuya a sami koyot ɗin da za ta tsinke ɗaya daga cikinsu da ja kawai. Wanda ya tsaya yana kwatanta su ta fuskar ƙarfi ya bar inda gizo ke saƙa. Abin da ke cin waya shi ne murɗi da haƙori.

Duk wanda ya taɓa ɗaure ragon layya a turke ya san yadda yakan yi ta kewayawa har igiyar ta nannaɗe, ta gajarce, wani lokaci ma ta harɗe masa ƙafa. Dabbar da ke cikin tarko ta fi haka, don ita ba kewayawa kaɗai take yi ba, har da birgima. Wayar da aka murɗa saɓanin yadda aka tufka ta takan buɗe, kamar kitson da aka fara tsefewa. In kuwa ta yi ƙulli aka fizge ta, sai ta lanƙwashe a wuri guda, irin lanƙwasar da ba ta sake miƙewa. Daga nan silin da ke bayan gwiwar su ke ɗaukar yawancin nauyin, su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kowane sili bai fi zaren ɗinki kauri da yawa ba, kuma haƙoran gefen bakin koyot, waɗanda ke aiki kamar almakashi wajen yanka fata da jijiya, suna iya cin su a hankali in dai wayar ta buɗe kuma dabbar ta sami lokaci.

Sarƙa ba ta da wannan rauni. Kowace ƙwaya tana motsi cikin 'yar'uwarta, saboda haka takan shanye murɗi kaɗan kafin ta ƙage, kuma da zarar an warware ta sai ta koma yadda take. Haƙori ba ya yi mata komai. Sai dai wannan taurin yana da farashi, kuma dabbar ce ke biya: wadda ta dage da cizon sarƙa ko jikin tarko tana iya karya haƙoranta. Bugu da ƙari, ba a tsakiya sarƙa ta cika cin amana ba, a mahaɗa ne, wato 'yan ƙugiyoyin da ke haɗa ta da tarko ko da turke, waɗanda kan buɗe in an yi ta fizga. Shi ya sa masu kama koyot da kyarkeci da dama kan bi mahaɗan nan da walda kafin kakar ta fara.

Wani abin lura shi ne, an ƙirƙiri igiyar waya ne tun farko saboda gazawar sarƙa. A shekara ta 1834 wani jami'in haƙar ma'adinai Bajamushe, Wilhelm Albert, ya fito da ita a garin Clausthal da ke tsaunukan Harz, bayan da ya shafe shekaru yana nazarin dalilin da ya sa sarƙoƙin da ake jawo kaya da su daga ramuka masu zurfi ke tsinkewa ba zato ba tsammani. Sarƙa in ƙwaya ɗaya ta fashe, duka ta tafi. Waya kuwa sili-sili take mutuwa, mai duba ta yana ganin alama tun kafin ta yanke. A ramin ma'adinai, inda nauyi ke rataye a miƙe kuma babu mai cizo, waya ce ta yi nasara. A bakin tarko lissafin ya juya, amma wancan hali nata na nuna rauninta a fili yana nan, kuma masu sana'ar na amfani da shi: wayar da ta riƙe dabba sau ɗaya ta lanƙwashe, yanke ta ake yi a yar.

Zobe mai juyawa

Ko sarƙa ce, in murɗi ya yi yawa takan dunƙule ta zama kamar sanda. A wannan lokacin duk juyin da dabbar ta yi ba ya da wurin zuwa sai ƙafarta, kuma a nan ne ake samun gocewar gaɓa, da tsinkewar jijiya, da karaya. Maganin da aka samu shi ne wani ɗan maɗauri mai juyawa, irin wanda ake gani a bakin igiyar jan kare, wanda ke barin ɓangare ɗaya ya juya ba tare da ɗayan ya bi shi ba. Ƙwararru ba sa dogara da guda ɗaya, domin ciyawa ko laka ko ƙanƙara na iya cushe shi cikin minti kaɗan. Akan sa ɗaya a jikin tarko, ɗaya a tsakiyar sarƙa, ɗaya a bakin turke. Ta nan ma sarƙa ta fi sauƙin sha'ani, tunda ana iya raba ta a kowace ƙwaya a saka zoben, alhali waya sai an yanke ta an sake matse bakunanta.

Akwai wasu gyare-gyare biyu da suka biyo baya. Na farko shi ne mayar da mahaɗin sarƙa daga gefen tarko zuwa tsakiyar gindinsa. Idan sarƙa na gefe, duk fizgar da dabba ta yi sai ƙafarta ta zame tsakanin muƙamuƙan, ƙarfen ya riƙa goga fata kamar zarto. Idan tana tsakiya, jan yakan zo daidai da miƙewar ƙafa. Na biyu shi ne saka ɗan sifirin a cikin sarƙar, wanda ke shanye ƙarfin fizga kafin ya kai ga ƙashi ko ga turke. Waɗannan abubuwa sun fi zaɓin sarƙa ko waya tasiri a kan lafiyar ƙafa, ko da yake ba su ne aka fi jin ana gardama a kansu ba.

Turken da ba a gani

Inda waya ta ƙwace fage shi ne ƙarƙashin ƙasa. Shekaru da dama turken da aka saba da shi rodi ne irin na gini, mai kaurin rabin inci da tsawon santimita 45 zuwa 60. Koyot ta san yadda ake tumɓuke shi. Takan tsaya a kansa ta yi ta tsalle sama, kowane tsalle na ɗaga shi kaɗan, har ya fito. Don haka aka koma kafa biyu a gicciye, ɗaya na riƙe ɗaya. Amma rodin mai tsawon santimita 60 ya haura rabin kilo, biyu sun haura kilo guda, mai tarko 50 kuma zai ɗauki kusan kilo 60 na turaku kawai, ban da tarkunan da sarƙoƙinsu da guduma.

Turken waya ya kawar da wannan wahala. Ɗan guntun ƙarfe ne da bai fi yatsa tsawo ba, an ɗaura masa waya a tsakiyarsa. Ana sa shi a bakin wata sandar ƙarfe a buga shi cikin ƙasa a tsaye, a zare sandar, sannan a ja wayar da ƙarfi. Jan nan ne ke juya guntun ƙarfen ya kwanta a gicciye a can ƙasa, ta yadda duk mai son fitar da shi sai ya ɗaga dukkan ƙasar da ke kansa. Injiniyoyi na amfani da irinsa, kamar samfurin Duckbill, wajen ɗaure itatuwa da tantuna. Tsallen koyot ba ya yi masa komai, kuma gommansa na shiga jaka guda.

A cikin ƙasa babu haƙori, babu birgima, saboda haka raunin waya bai cika bayyana ba. Wurin haɗari shi ne daidai inda ta ɓullo sarari, inda take lanƙwasa duk lokacin da dabbar ta canza gefe. Shi ya sa masu gogewa kan buga turken har madaukin wayar ya nutse daidai da fuskar ƙasa ko ƙasa da haka, sannan sarƙa ta karɓa daga nan. Wannan tsari, waya a ƙasa, sarƙa a sama, zobba masu juyawa a tsakani, shi ne abin da akasarin masu kama koyot suka tsaya a kai, kuma hujjarsa a fili take: kowanne an ajiye shi inda rauninsa ba ya aiki.

Duk da haka turken waya na da nasa aibi. Fitar da shi aiki ne, don haka da yawa kan yanke wayar su bar shi a ƙasa, abin da manoma ba sa so, domin guntun waya na iya sarƙe garma ko injin yankan ciyawa. A ƙasa mai gishiri ko mai tsami wayar kan yi tsatsa a ɓoye, haka nan ɗan bututun alminiyum da ake matse bakinta da shi kan zaizaye. Wasu saboda haka sun koma ɗaura wa guntun ƙarfen sarƙa maimakon waya, su jure nauyin, su riƙa zaro shi suna sake amfani da shi shekara da shekaru.

Maganar tsawon sarƙa kuwa har yanzu ba a daidaita ba. Masu son gajera na cewa ba ta bai wa dabba filin da za ta taso da gudu ta fizga. Masu son doguwa na cewa gajera ce ke sa dabbar ta tsaya a kan turke tana tumɓuke shi, alhali doguwa kan sa jan ya zo ta gefe, inda turke ya fi ƙarfi. Zuwan turken waya ya ƙarfafa ɓangaren farko, tunda ya rage fargabar tumɓukewa.

Inda ƙasa ta ƙi turke

A arewacin Kanada da Alaska ƙasa kan daskare ta yi tauri kamar dutse tsawon watanni. A wasu sassan kudu maso yammacin Amurka kuwa rairayi ne ko duwatsu. A irin waɗannan wurare akan bar turke a koma ga dabarar da ta fi shi tsufa, wato a ɗaure tarkon da abin da dabba za ta ja. A da gungume ne, yanzu galibi ƙugiyar ƙarfe ce mai baki biyu a ƙarshen sarƙa mai tsawon mita biyu zuwa uku. Dabbar kan ja ta ta bar fili, ta shiga duhuwa, ƙugiyar ta maƙale a wani kurmi ko saiwa. Rassan da ke lanƙwasawa na rage ƙarfin fizga, kuma dabbar da ta sami maɓoya takan fi natsuwa fiye da wadda aka turke a sarari.

A nan nauyin sarƙa, wanda aibi ne a kafaɗar mai ɗauka, shi ne amfaninta. Yana danne ƙugiyar ta riƙa karce ƙasa, ta bar sawun da za a bi. Waya ba ta da nauyi kuma tana da tsalle, ƙugiyar da aka ɗaura mata na iya wucewa ta kan ciyawa ba ta bar alama ba. Masana da ke kama kyarkeci don sa masa na'ura a jihohi irin su Minnesota sun daɗe suna amfani da sarƙa da ƙugiya. Haɗarin dabarar shi ne dabba ta yi nisa a rasa ta, ko sarƙar ta nannaɗe a jikin itace mai ƙarfi har zobban su daina juyawa.

A cikin ruwa kuma waya ce ke mulki, kuma a nan ne sukar ta fi zafi. Masu kama biba, wata dabbar ruwa mai kama da ƙatuwar gafiya da ke datse rafuka da itatuwa, kan miƙa waya daga gaɓa zuwa wuri mai zurfi, su sa wa tarkon wani makulli mai zamewa gaba amma ba ya komawa baya. Dabbar da aka kama kan nutsa don tsira, makullin ya bi ta ƙasa, ta kasa tasowa. Santsin waya ne ke sa wannan ya yiwu. Biba na iya daɗewa a ƙarƙashin ruwa har kusan minti 15, kuma ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ba ta amince da nutsarwa a matsayin hanyar kashe dabba cikin jin ƙai ba.

Matsin lamba daga Turai

Abin da ya sa hukumomi suka fara auna irin waɗannan abubuwa da ma'auni na kimiyya ya samo asali ne daga kasuwa. A shekara ta 1991 ƙasashen Tarayyar Turai sun zartar da dokar da ta haramta amfani da tarko mai kama ƙafa a cikinsu daga farkon 1995, ta kuma tanadi hana shigo da fatun nau'o'in dabbobi 13 daga duk ƙasar da ba ta haramta shi ba, ko ba ta bin wasu ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na kama dabba ba tare da azabtarwa ba. Turai babbar kasuwa ce ga fatun Kanada da Amurka da Rasha, kuma a arewacin Kanada akwai al'ummomin 'yan asalin ƙasar da ke samun wani ɓangare na kuɗin shigarsu daga wannan sana'a.

Bayan doguwar tattaunawa aka cimma yarjejeniya a 1997 tsakanin Tarayyar Turai da Kanada da Rasha, wadda ta shafi nau'o'in dabbobi 19, yayin da Amurka ta sa hannu a wata takarda ta dabam mai kama da ita. Yarjejeniyar ta ce kafin a amince da tarkon da ke riƙe dabba da rai, sai an gwada shi a kan aƙalla dabbobi 20, kuma kashi 80 cikin ɗari nasu su fito ba tare da ko ɗaya daga cikin raunukan da aka lissafa ba. Cikin jerin akwai karaya, da gocewar gaɓa, da tsinkewar jijiya, da katsewar jini zuwa ƙafa, da karyewar haƙori har zuwa ɓargonsa. Duk wanda ya dubi jerin zai ga cewa da yawa daga cikin raunukan nan ba lokacin da tarko ya rufe suke faruwa ba, a sa'o'in da suka biyo baya ne, lokacin da dabba ke kokawa da maɗauri.

A Kanada cibiyar kula da harkar fatu ta ƙasar, wadda aka kafa a 1983, ita ta jagoranci gwaje-gwajen, da yawansu a garin Vegreville na lardin Alberta. A Amurka ƙungiyar hukumomin kula da kifaye da namun daji na jihohi ta fara nata shirin a 1997, ta gwada ɗaruruwan nau'o'in tarkuna tare da likitocin dabbobi da ke duba gawarwakin. Shawarwarin da ta fitar sun ƙunshi zobba masu juyawa, da haɗa sarƙa a tsakiyar gindi, da turken da zai iya riƙe dabba mafi girma da ka iya faɗawa tarkon, ba wadda aka nufa kaɗai ba.

Masu goyon bayan sana'ar kan kafa hujja da cewa da irin waɗannan tarkuna aka kama da yawa daga cikin karnukan ruwa fiye da 4,000 da aka sake a jihohi 21 daga 1976 don farfaɗo da irinsu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi kuwa na ganin gyaran sarƙa ba ya sauya ainihin abin, wato dabba ce a tsorace, a ɗaure, tana jiran mutuwa. Masu jefa ƙuri'a a Colorado da Massachusetts sun taƙaita amfani da tarkon a 1996, California ta bi sahu a 1998, sannan ta haramta ɗana tarko don cinikin fatu a 2019. A New Mexico mutuwar wata karya mai suna Roxy a cikin zargen waya a 2018 ce ta kai ga dokar 2021 da ta hana ɗana tarkuna a filayen gwamnati.

Ɗaya fuskar waya

Arha da rashin nauyin da suka sa waya ta yi farin jini a Amurka su ne suka mai da ita annoba a gandayen dajin Afirka da Asiya, inda ba maɗauri ba ce kawai, ita ce tarkon kansa. Wayar birki ko ta kuloci da aka yi wa zarge aka ɗaure a jikin itace ba ta da zobe mai juyawa, ba ta da abin da zai hana ta ci gaba da shaƙewa, ba ta kuma zaɓar wanda take kamawa. Wani rahoto da asusun kare namun daji na duniya, WWF, ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa akwai irin wannan zarge kimanin miliyan 12 a gandayen da aka keɓe a Kambodiya da Laos da Vietnam. A gandun Murchison Falls na Uganda, da dazuzzukan jihar Kuros Riba a Nijeriya inda ragowar gwaggon birin yankin ke zaune, kwashe zargen waya na cikin manyan ayyukan masu gadi. Mutum guda na iya ɗana fiye da abin da zai iya zagayawa, dabbobi da dama kan ruɓe a wurin, wadda ta shaƙe ta mutu kuwa ga Musulmi mushe ce.

Amma da wayar nan ce masu bincike a yankin Laikipia na Kenya suka riƙa kama zakuna ta ƙafa suna sa musu na'ura suna sakinsu. Bambancin shi ne tasu mai kauri ce, kuma ba sa barin dabba ta daɗe a ciki.

Tsawon jira

Wannan batu na lokaci shi ke ƙara wa kowane rauni girma, na waya ne ko na sarƙa. Wayar da za ta jure sa'o'i shida na cizo ba lalle ta jure kwana uku ba, haka nan zoben da ke juyawa da magariba yana iya cushewa kafin asuba. Jihohin Amurka da dama, musamman na gabas, sun wajabta duba tarko a kowace rana. A Wyoming doka ta ba da sa'o'i 72 ga tarko mai kama ƙafa, a Nevada kuwa har 96 a yawancin sassan jihar, bisa hujjar nisan wurare. Alaska ba ta da wa'adi guda da ya shafi jihar baki ɗaya.

A 'yan shekarun nan an fara samun ƙananan na'urori da ake haɗawa da tarko, masu aika saƙo zuwa wayar salula ko ta tauraron ɗan'adam da zarar ya rufe. Masu bincike da kamfanonin kawar da dabbobi masu ɓarna ne suka fi amfani da su. Ga mai ɗana tarko don fatu, wanda kasuwarsa ta ja baya tun bayan durƙushewar babban kamfanin gwanjon fatu na North American Fur Auctions a 2019, kuɗin na'ura guda na iya fin abin da zai samu daga fatun koyot da dama.